A Tambayi Wanda Yake Kwana a Ɗakin

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san hidimar da ake yi idan bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Lokacin ne maigida ke kiran magini ya duba soro, a sake yaɓe, a gyara bakin indararo, a toshe tsagar da zafin rani ya buɗe. Magini na ƙwarai ba ya fara da jingina tsani. Sallama yake yi ya shiga ɗakin, ya tambayi matar da ke kwana a ciki: “Uwargida, bara ta ina ruwan ya riƙa zubo miki?” Ita kuwa ba ta tsayawa tunani. Za ta nuna masa kusurwar da take tara roba, da inda ta janye gado saboda ɗigo, da azarar da ke jiƙewa idan iska ta koro ruwan ta gefe. Shi ya zo ne rufin yana bushe ƙayau, babu abin da idonsa zai gani. Ita ce ta yi damina guda a ƙarƙashinsa. Abin da Bahaushe ke nufi ke nan da ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙungiyoyin da ke taimakon masu buƙata ta musamman, wato makafi da kurame da guragu da sauransu, aikin magini suke yi. Yawancin masu tafiyar da su mutanen kirki ne, suna da niyya, suna da kuɗi ko hanyar samo shi, wasunsu ma suna da ilimin aikin. Abin da ba su da shi guda ne: ba su taɓa kwana a ɗakin ba. Mai ƙafafu biyu bai san yadda kwata mai faɗin taku ɗaya ke raba mutum da masallacin unguwarsu ba. Mai ji bai san yadda ake zama a layin asibiti ana kiran sunanka ba ka sani ba, har a tashi aiki.

Keken guragu ya isa misali. An daɗe ana kawo kekuna irin na cikin asibiti, masu ƙananan tayoyi a gaba, ana rabawa a taron da aka gayyaci ’yan jarida. Irin wannan keke an ƙera shi ne domin daɓen siminti mai santsi. A lungun da yashi ya cika ko taɓo ya kama, tayar gaba nutsewa take yi, kuma idan wani abu ya karye babu kayan gyaransa a kasuwa. Akwai abin da ya fi wannan haɗari. Wanda lakarsa ta samu rauni ba ya jin zafin zama, don haka idan kujerar ba daidai jikinsa take ba, ko babu matashi mai kyau a kanta, gyambo yakan fito masa a mazaunai, kuma irin wannan gyambo yana kisa. Shi ya sa a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa’idoji kan raba kekuna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ta nanata cewa sai an auna mutum, an duba inda yake rayuwa, an koya masa amfani da keken, an kuma ci gaba da bibiya. Masu zama a kan keken sun riga hukumar sanin duk wannan, tambayarsu ce ba a yi ba.

Dubi kuma abin da ke faruwa idan mai ɗakin ya riƙe aikin da hannunsa. A Kano, ƙungiyar waɗanda cutar shan inna ta shafa, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta yi suna wajen ƙera keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu. A Jos, Ayuba Gufwan, shi ma shan inna ta kama shi tun yana yaro, ya kafa cibiyar da ke ƙera irin wannan keke tana rabawa. Kekunan nan da kayan keken hawa na yau da kullum ake haɗa su, saboda haka duk mai faci ko mai gyaran keke a bakin titi zai iya taɓa su, kuma suna jure hanyar ƙauye. Wanda ya yi rarrafe zuwa makaranta ba ya buƙatar a gaya masa irin tayar da ke ratsa yashi. Haka kuma lokacin da wasu iyaye ke ƙin rigakafin shan inna, waɗanda cutar ta nakasa sun shiga gangamin wayar da kai, kuma ganinsu a ƙofar gida ya yi tasirin da doguwar lacca ba ta yi ba.

Wannan gwagwarmaya ta neman a ji ta bakin mai ɗaki tana da tarihi, kuma wani babban ɓangarensa a cikin gidan wata ƙungiyar agaji ya faru. A 1948 wani tsohon matuƙin jirgin yaƙi na Ingila, Leonard Cheshire, ya fara karɓar marasa lafiya da nakasassu a gidansa mai suna Le Court a yankin Hampshire, abin da ya zama mafarin babbar ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa har yau. Gida ne da ya fi ɗakunan asibitin da ake jibge nakasassu a wancan zamani nesa ba kusa ba. Duk da haka mazauna gidan, manya masu cikakken hankali, sun tarar wasu ne ke yanke musu lokacin kwanciya da yadda za su tafiyar da yininsu. Cikinsu akwai Paul Hunt, wanda ke fama da ciwon da ke cinye ƙarfin tsoka. Shi da ’yan uwansa suka shafe shekaru suna ja da hukumar gidan, suna neman a ba su kujeru a kwamitin gudanarwa, a kuma ji ra’ayinsu kan ma’aikatan da za su riƙa ɗaga su suna kwantarwa. Wasu sun ɗauki hakan rashin godiya. A ƙarshe dai sun samu wakilci. A 1972 Hunt ya rubuta wasiƙa a jaridar Guardian yana kiran nakasassu su haɗa kai su yi magana da bakinsu, daga nan aka kafa ƙungiyar da ta yaɗa fahimtar cewa yawancin wahalar nakasasshe daga yadda aka tsara gini da aiki da makaranta take fitowa.

Shekaru takwas bayan wasiƙar, a 1980, aka yi babban taron ƙwararru kan gyaran rayuwar nakasassu a birnin Winifeg na Kanada. Nakasassun da suka halarta suka nemi a ba su rabin kujerun wakilci a ƙungiyar da ta shirya taron, aka ƙi. Sai suka ware suka yi nasu zaman, wanda ya haifar da ƙungiyar nakasassu ta duniya a Singafo a 1981.

Kada a ɗauka ina cewa a sallami magini. Duk wanda ya san rufin ƙasa ya san cewa inda ruwa ke ɗiga a ciki sau da yawa ba nan ya shiga ba. Yakan shiga ta wata tsaga kusa da indararo, ya bi jikin azara, ya je ya zubo a tsakiyar ɗaki. Matar ta san inda yake zuba, magini ne ya san yadda zai bi sawunsa, shi ne kuma ya iya haɗa laso da katsi da gashin jima. Likitan gashin ƙashi da malamin rubutun makafi da akawun da ke riƙe lissafi duk suna da sanin da ba kowane nakasasshe ke da shi ba. Uwa za ta ce ɗanta kurma ba ya gane karatu, ƙwararre ne zai gano cewa malamin yana juya wa ɗalibai baya yana magana da allo. Sai an haɗa sanin nan biyu aikin ke tsayawa. Abin da nake ƙi shi ne ƙwararren da ke ganin takardar shaidarsa ta ɗauke masa nauyin tambaya.

Tambayar ma iri-iri ce, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa ke yaudarar kansu ba da gangan ba. Akwai maginin da sai ya gama yaɓe, ya sauko, ya wanke hannu, sannan ya leƙa ya ce, “Ya yi ko?” Me za a ce masa? Haka ake yi idan an gama tsara shiri, an yanke kasafin kuɗi, an sayo kaya, sannan a kira nakasassu ranar 3 ga Disamba, ranar da duniya ta keɓe musu, a ba ɗayansu minti biyar ya yi jawabin godiya. Wani zubin taron jin ra’ayin ma a benen otal ake yin sa, babu gangaren hawa, takardun da Turanci, babu mai fassara da hannu. Ana ba makaho kuɗin mota na mutum ɗaya, an manta da ɗan jagoransa. Wanda ya samu damar zuwa irin wannan taro ya riga ya fi mafi yawan ’yan uwansa gata.

Ga kuma kara da kunya, da tsoro a ƙarƙashinsu. Wanda ake bai wa buhun shinkafa duk azumi, idan mai ba shi ya tambaye shi ko akwai gyara, abin da zai fito daga bakinsa shi ne, “Alhaji, mun gode, Allah ya ƙara arziki.” Addu’ar daga zuciyarsa take, amma ba ita ce amsar tambayar ba. Ya san akwai jerin sunaye, ya kuma san mai yawan ƙorafi ba ya daɗewa a kai. Ƙungiyar da ke son gaskiya dole ta samar da hanyar da mutum zai faɗi aibin aikinta ba tare da ya ji rabonsa na rawa ba: masu tambayar su kasance nakasassu ’yan uwansa, a yi zaman ba a gaban mai rabo ba, sannan a dawo a gaya masa abin da maganarsa ta sauya. Idan an tambayi mutum sau biyu bai ga komai ya canja ba, a karo na uku godiya kawai za a samu.

Sai batun wa za a tambaya. Maginin da ya tsaya a zaure ya tambayi maigida ya yi tambaya, amma maigida a turakarsa yake kwana. Ƙasar Hausa tana da tsohon tsarin shugabanci na nakasassu, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kuma wajibi ne a bi ta hannunsu a girmama su, domin sun riƙe jama’arsu tun kafin a san wata ƙungiyar agaji. Sai dai muryar sarki ba za ta wadatar da budurwa gurguwa da ke neman banɗakin da za ta iya shiga a makaranta ba, ko matar aure makauniya da ke zuwa awon ciki, ko mai farfaɗiya da danginsa ke ɓoyewa a ƙuryar ɗaki. Kurame ma ba harshe ɗaya suke yi ba. Wanda ya yi makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano ya koyi maganar hannun aji, wadda ta samo asali daga ta Amurka ta hanyar makarantun kurame da wani mai suna Andrew Foster ya kafa. Kurman da ya tashi a kasuwa ko a ƙauye kuwa da maganar hannu ta Hausa yake zance, wadda ke da nata tsari tun da daɗewa. A kawo mai fassara guda a ce an ji ra’ayin kurame, rabinsu suna zaune ne kawai suna kallo.

Yau dai maganar ta wuce ta alfarma. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda aka amince da ita a 2006, ta wajabta wa gwamnatoci tuntuɓarsu ta hanyar ƙungiyoyinsu kan duk abin da ya shafe su. Nijar ta ba da cikakkiyar amincewarta a 2008, Najeriya a 2010. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu wariya a Najeriya, a 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al’amuransu, kuma a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan, mai ƙera kekunan nan na Jos, ya jagorance ta. Idan gwamnati ta ɗauki wannan nauyi a rubuce, ƙungiyar da aka kafa da sunan nakasassu, ake kuma tara kuɗi da hotunansu, ita ta fi cancanta ta fara sauke shi.

A ganina wurin da ake gane gaskiyar ƙungiya shi ne teburin da ake yanke yadda za a kashe kuɗi. Nakasasshe ya zauna a kwamitin amintattu da ƙuri’arsa kamar ta kowa, a ɗauke shi aiki a biya shi albashi, a biya shi ladan lokacinsa idan an kira shi ba da shawara kamar yadda ake biyan kowane masani. Mai karatu, idan kana cikin masu ba irin waɗannan ƙungiyoyi zakka ko sadaka, kafin ka miƙa ta bana ka tambaye su nakasassu nawa ne a kwamitinsu, mata nawa ne a ciki, da kuma wane abu guda suka sauya a aikinsu bara saboda waɗanda suke yi wa hidima sun ce a sauya.