Hanjin Ɗan Adam A Ɗakin Gwaje-Gwaje: Amfaninsa Ga Yaran Gwandu Da Kalgo

Duk shekara idan damina ta yi nisa, ruwa ya cika fadamu, ya malala cikin rijiyoyin da ba su da murfi, ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo sun san abin da ke biyo baya, watau yara masu gudawa a bayan iyayensu mata. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta hallaka fiye da 3,000, Jihar Kebbi kuwa tana cikin jihohin da annobar ta shafa. Haka nan binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 66 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Waɗannan matsaloli biyu wuri guda suke haɗuwa, shi ne bangon hanji.

GANUWAR CIKI

Bangon nan na ciki layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta, jere kafaɗa da kafaɗa, wasu sinadarai sun ɗinke tsakaninsu, sa'an nan wani yauƙi ya lulluɓe su. Saboda 'yan tsirarai masu kama da gashin tawul da ke jikinsa, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in mita 30. Aikinsa irin na ganuwar birni ne mai ƙofofi: ya bar ruwa da abinci su shiga jini, ya tare ƙwayoyin cuta. Jiki yana sabunta shi cikin kwana 3 zuwa 5.

Yaron da ya tashi yana shan gurɓataccen ruwa, yana rarrafe inda ake bahaya a fili, bangon hanjinsa kan kumbura, tsirarai su gajarce, ɗinkin ya sassauta. Sai ya ci abinci amma bai amfane shi sosai ba, ko da kuwa ba ya gudawa. Wahalar masu bincike ita ce ba a iya leƙa hanjin yaro mai rai a kullum, ɓeraye kuwa cututtukan mutane da yawa ba su kama su yadda suke kama mutum.

YADDA AKA SOMA

A 1977 wani masani mai suna Jorgen Fogh, a cibiyar Sloan-Kettering ta birnin New York, ya ba da bayanin wasu ƙwayoyi da aka samo daga ciwon dajin babban hanji, waɗanda ake kira Caco-2. Idan aka shimfiɗa su a kan wata 'yar matata, aka bar su kimanin kwana 21, sai su jeru kamar bangon hanji. Ana auna ƙarfin ɗinkinsu da ɗan ƙaramin lantarki: in bangon ya matse lantarki ba ya ratsa shi da sauƙi, in ya ɓule sai ya wuce. Har yau masu haɗa magunguna suna amfani da su, sai dai asalinsu na daji ne, ba lafiyayyu ba.

A 2009 Toshiro Sato da Hans Clevers, a cibiyar Hubrecht da ke Utrecht ta ƙasar Holan, suka nuna cewa ƙwaya guda daga cikin uwayen ƙwayoyin hanjin ɓera tana iya tsiro ta zama ɗan ƙaramin hanji mai rami a tsakiya. Ba da jimawa ba aka yi haka da na mutum. A 2012 kuma cibiyar Wyss ta Jami'ar Harvard ta fito da wata 'yar na'ura ta roba da ba ta wuce yatsa ba, mai ƙananan hanyoyin ruwa, wadda ke miƙewa tana sakewa kamar yadda hanji ke motsi.

ABIN DA AKA GANO

Dafin kwalara ba ya rushe bangon, sai dai ya sa ƙwayoyin su yi ta tura gishiri waje, ruwa ya bi shi, har ana ganin 'yan hanjin gwaji suna kumbura. Amma akwai wata ƙofa da ke shigar da gishiri tare da sukari, wadda Robert Crane ya yi bayaninta a 1960, kuma kwalara ba ta rufe ta. Wannan shi ne asirin ruwan gishiri da sukari da ake bai wa mai gudawa.

A 2016 masu bincike ƙarƙashin Mary Estes a Houston suka raini ƙwayar norobairus, mai sa amai da gudawa, cikin irin wannan hanji, bayan shekaru masu yawa ana kasawa. A 2022 kuma cibiyar Wyss ta sa ƙwayoyin hanjin yara masu irin lalurar nan ta kumburin bango cikin na'urarta. Da aka hana su wasu sinadaran abinci, sai tsirarai suka gajarce, bangon ya soma yoyo.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Hanjin gwaji bai da jijiyoyi da cikakkun dakarun kare jiki, kayan rainonsa na da tsada, yana kuma bukatar lantarki ba yankewa. Saboda haka ba zai maye gurbin duba marar lafiya ba. Duk da haka, ɗaliban kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ya kamata su san wannan fanni, domin da shi za a iya gwada magungunan gargajiya na ciwon ciki a gane mai amfani da mai illa. Neman ilmin lafiya ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu, gama Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi rubutu a kan kiyaye lafiyar jiki.

Ga ma'aikatan hukuma kuwa, darasin a fili yake. Rijiya mai murfi, da masai a kowane gida, da wanke hannu da sabulu, da allurar rigakafi, har da ɗigon rigakafin rotabairus da aka shigar cikin tsarin rigakafin yara na ƙasa a 2022, su ne ke tsare ganuwar cikin yaro kafin ta tsage. Allah ya ba da ikon kiyayewa.