Me Muke Sha a Gidan Mai?

Duk gidan man da ka tsaya daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, har ka keta dajin Falgore ka faɗa Doguwa, lita da kuɗi kawai famfo zai nuna maka, sai haruffan nan uku, PMS. Abin da ke cikin man kuwa, sai inji ya ba ka labari.

A Ingila, tun Satumbar 2021 man da aka fi sha shi ne E10, wato fetur mai gaurayen itanol har kashi 10 cikin ɗari, kuma an manna wannan a jikin famfo. Mai tsohuwar mota sai ya nemi wanda aka rubuta wa E5. Itanol sifirit ne da ake tatsa daga rake, masara ko rogo. Najeriya ma ta fitar da tsarin yin wannan gauraye tun 2007.

Sabbin motoci ba ruwansu. Amma mu nan su wa ke ɗaukar masara da fasinja ranar kasuwa? J5 ce da 504 ɗin da aka harhaɗa a Kaduna tun muna yara, ga babura, ga injinan ban ruwa na manoman rani a bakin Tiga. Itanol yana cinye tsohon tiyo da robobin kafireto, yana kankare dattin da ya daɗe kwance a tanki ya tura shi ya toshe hanya. Mafi muni, yana zuƙar laima. Injin ban ruwan da aka jingine da mai a ciki duk damina, ruwa zai kwanta masa a ƙasan tanki, tsatsa ta biyo baya. Bakanike ya ce ka sha man bumburutu, alhali a famfo ka sha.

Mun ɗanɗana a Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai metanol fiye da kima, ɗan'uwan itanol da ya fi shi ɓarna. Motoci suka lalace, layi ya dawo. A ganina, tilasta manna 'yar takarda a famfo mai nuna abin da ke cikin man bai fi ƙarfin hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar mai ba.

Kafin nan, ga gwajin gida: zuba ruwa kaɗan a kwalba, ka yi alama inda ya tsaya, ka ƙara fetur, ka girgiza, ka bari ya lafa. In ruwan ya haura alamar, akwai gauraye.