Amsa gayyata a Dubai: "In sha Allahu" kaɗai ba ta wadatar ba

Jama'a, a gida, ko Nima ne ko Aboabo, in an ce suna ko ɗaurin aure, rumfa ake kafawa a ƙofar gida, a ɗora tukunya, duk wanda ya zo ya ci. Ba a ƙirga kawuna. A Dubai kuwa da yawanmu gado muke haya ba ɗaki ba, don haka mai hidima sai ya kama wuri a gidan abinci ko zauren otal, galibi a Deira, kuma da yawan mutane ake yanke masa kuɗi. Kujerar da aka tanadar maka ba ka zo ba, dirhaminsa ne ya tafi.

Shi ya sa muke cewa a amsa a rubuce, a kuma fito fili. Kiran WhatsApp ba ya aiki a ƙasar nan, saƙon murya kuma yakan nutse cikin wasu saƙonni, amma rubutu mai gayya zai iya komawa kansa ranar da zai ba masu abinci adadi. "In sha Allahu" magana ce mai kyau, sai dai mun saba fakewa da ita saboda kunyar cewa a'a. A haɗa ta da abin da ake nufi:

"Salamu alaikum Alhaji, na ga saƙo, na gode da karramawa. Allah ya raya. In sha Allahu zan zo ranar Asabar, ni da mai ɗakina, mu biyu."

Kafin a rubuta haka, a duba ranar hutu. Tun watan Janairun 2022 hutun ma'aikatun gwamnati ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin yini, Sharjah kuma ta haɗa da Juma'ar gaba ɗaya. Amma mai gadi a Jebel Ali ko direba a Al Quoz, ranar da kamfani ya ba shi ita ce hutunsa. In ba dama, a faɗa da wuri: "Hajiya, a yi mini uzuri, ina aiki ranar. Allah ya ba da zaman lafiya." Ba sai an jero dalilai ba. Wanda zai aika gudummawa ya faɗa wa mai hidima shi kaɗai, ba cikin zauren da kowa ke gani ba.

Hoton babban yatsa ba amsa ba ce ga wanda ya girme ka.

Akwai kuma al'adarmu ta jawo aboki. A zango wannan zumunci ne, a nan kuwa sai an tambaya tukuna, yara ma a ambaci yawansu. Kada a tura katin ga wanda ba a gayyata ba. In kuma wani abu ya taso bayan ka ce za ka zo, ka sake rubutawa tun kafin ranar, don a ba wani kujerar.