Kontagora: Wayar da ta ƙi kama Wi-Fi da gaggawar yi mata filashin

Duk wanda ya ɗan zauna a rumfar mai gyaran waya a garin Kontagora zai ji koke ɗaya yana maimaituwa: wayar tana ganin sunan Wi-Fi amma ta ƙi shiga, ko kuma ta shiga amma ko saƙon WhatsApp ɗaya ba ya fita. Masu kawo koken sun haɗa da ɗaliban Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke son kammala rajista kafin a rufe shafi, da masu sana'ar POS, da 'yan kasuwar hatsi da ke jiran shaidar shigar kuɗi kafin su bari a yi lodi. Wasu daga Mariga ko Magama ko Rijau suke tasowa, sun biya kuɗin mota, ba su da niyyar komawa gida da wayar da ba ta aiki.

Tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, waya ta zama lalitar mutane da yawa a hedikwatar masarautar Sarkin Sudan, kamar yadda ta zama a sauran garuruwan Arewa. Daga bisani, a watan Janairun 2025, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Wannan ya sa ake ƙara haɗa kai a kan na'urar rarraba intanet guda, a shago ko ɗakin kwanan ɗalibai ko ofis, ko kuma aboki ya buɗe wa aboki data daga wayarsa.

Maganin da ake saurin ambatawa idan waya ta yi gardama shi ne a yi mata filashin, wato a goge komai a mayar da ita kamar ranar da aka fito da ita daga kwali. A mafi yawan lokuta wannan kashe sauro ne da gatari. Hotunan biki da na suna suna tafiya, lambobin da ba a ajiye a asusun Google ba suna tafiya, manhajar banki kuma sai an sake tantance mai ita. Akwai ma tarkon da ya fi wannan. Wayar Android da aka goge ta bayan fage takan tsaya ta nemi adireshin Gmail da kalmar sirrin da aka fara buɗe ta da su, matakin tsaro ne da aka sa domin hana ɓarayi amfani da wayar sata. To, mutane nawa ne suka riƙe wannan kalma? Da yawa a shagon da suka sayi wayar aka buɗe musu asusun, suka tafi ba su rubuta komai ba. Sai mutum ya kawo waya mai ciwon kai, ya koma da wadda ba ta buɗuwa gaba ɗaya.

Abin da ya kamata a fara rarrabewa shi ne hanyoyi biyu da waya ke bi ta samu intanet. Ɗaya ita ce sabis ɗin layi, wanda ke zuwa daga turakun kamfanonin sadarwa ta hanyar katin SIM. Ɗaya kuma ita ce Wi-Fi, gajeriyar gada ce kawai tsakanin waya da na'urar rarrabawa, ba ta wuce 'yan mitoci. Gadar tana iya zama lafiya ƙalau alhali babu komai a ƙetare. Yawancin ƙananan na'urorin da ake amfani da su a gari, irin su MiFi, su ma katin SIM ne a cikinsu. Idan datar katin ta ƙare, ko sabis ya ɗauke a unguwar, wayar za ta nuna ta haɗu amma babu intanet, kuma ba laifinta ba ne.

Gwajin da ke raba gardama ba ya cin ko kwabo: a ɗauko wata waya a gwada ta a kan wannan Wi-Fi ɗin, sannan a kai wayar da ake zargi kusa da wani Wi-Fi daban. Idan kowa ya kasa shiga, matsalar tana ga na'urar rarrabawa. Idan waya ɗaya ce ta kasa, kuma ta kasa a ko'ina, sai a dube ta.

Akwai darasi a abin da ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin banki da na intanet suka tsaya cak a sassan Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa. Babu mai gyaran da zai iya magance wannan da sukundireba. Haka nan batun haɗa layi da lambar NIN, wanda aka fara a watan Disambar 2020 aka kuma sa ranar 14 ga Satumbar 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Mutane sukan tuna da layin da suke kira da shi, su manta da wanda ke ɓoye a cikin MiFi, sai a rufe shi su yi ta zargin waya.

Idan an tabbatar matsalar daga wayar take, matakan farko sanannu ne. A kashe ta a kunna, a duba ko alamar jirgin sama tana kunne, a umarci wayar ta manta da wannan Wi-Fi sannan a sake shigar da kalmar sirri a hankali, domin babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin na'ura. Mai shago yakan canza kalmar idan ya ga maƙwabta sun yi masa yawa, ita kuwa waya ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa da tsohon mabuɗi. Kowace na'urar rarrabawa tana da iyakar wayoyin da take ɗauka, idan ta cika sai wanda ya zo daga baya ya ga wayarsa tana ta juyawa a wurin neman adireshi.

Kwanan wata ma yana da hannu, kuma shi ne aka fi mantawa. A gari irin wannan, inda batir kan mutu murus kafin a samu wuta ko a kai wurin masu caji, wasu wayoyi sukan farka da kwanan watan shekarun baya. Shafukan banki da na makarantu suna aiki ne da takardar shaidar tsaro mai ranar farawa da ta ƙarewa. Wayar da ke zaton tana wata shekara daban za ta ɗauka shaidar ba ta da inganci, ta ƙi buɗe shafin. Gyaran bai wuce a saita agogo ya riƙa daidaita kansa ba.

Sai batun zango. Wi-Fi yana tafiya ne a kan manyan zanguna biyu, na 2.4 da na 5 a ma'aunin gigahaz. Na 5 ya fi sauri amma bango yana saurin tare shi, na 2.4 ya fi nisa da ratsa gini ko da yake ya fi cunkoso. Wasu ƙananan wayoyi masu araha, irin waɗanda suka cika hannun jama'a, na 2.4 kaɗai suke gani. Ɗalibin da ya buɗe data daga sabuwar wayarsa a zangon 5 zai yi mamakin yadda abokinsa ba ya ma ganin sunan, sai a fara cewa wayar abokin ta tsufa ko ta lalace. Canza zangon a saitin mai rabawa ya wadatar.

Wani abin da filashin ke ƙara dagulawa ya shafi ofisoshi da shagunan da ke rajistar wayoyin da aka yarda su shiga. Tun daga Android 10, wadda ta fito a 2019, waya tana ƙirƙiro wa kanta lambar shaida ta musamman ga kowane Wi-Fi domin kare sirrin mai ita. Idan aka goge wayar, lambar tana canzawa, na'urar ofis kuma ta ɗauke ta a matsayin baƙuwa ta hana ta shiga.

Tsakanin waɗannan ƙananan matakai da goge komai akwai wani tsani da ake yawan tsallakewa, shi ne sake saitin sadarwa kaɗai. Yana share sunayen Wi-Fi da aka ajiye da na'urorin Bluetooth da aka haɗa, amma ba ya taɓa hoto ko lamba ko manhaja.

Akwai dai lokacin da ciwon na inji ne, a nan kuwa mai gyara shi ne likita. Alamarsa a fili take: maɓallin Wi-Fi ya dushe ya ƙi taɓuwa, ko a kunna ya kashe kansa nan take, ko wayar ta daina ganin kowane suna ko da an ɗora ta a kan na'urar. Sau da yawa Bluetooth ma yakan mutu tare da shi, domin a wayoyi da dama ƙwaya ɗaya ce a jikin allon inji ke ɗauke da su biyun, wadda masu gyara ke kira IC. Faɗuwa ƙasa, ko ruwan damina, ko zafin da waya ke sha idan aka bar ta a caji cikin rana a watannin Maris da Afrilu, duk suna iya ɗaga ta daga mazauninta. Wani lokaci kuma 'yar siririyar wayar eriya ce aka manta ba a mayar ba bayan an canza sikirin.

Aikin IC yana buƙatar na'urar hura zafi da hannun da ba ya rawa, kuma a kan waya mai araha kuɗinsa kan kusanci na sayen wata ta hannu. Masu gyara na gari sukan faɗi haka tun kafin su kwance sukurori, su kuma ce wa mai waya ya cire katin SIM da na ajiya, ya kwafe lambobinsa, ya tabbatar ya san kalmar sirrin Gmail ɗinsa kafin ya bar ta a rumfa. Wanda ba shi da halin gyaran yana iya ci gaba da amfani da datar layinsa, tunda ita ba ta wannan hanyar take bi ba.