Yadda Ake Ƙalubalantar Sammacin Neman Bayanan Tarho a Kotunan Amurka

'Yan kasuwa masu hulɗa da Amurka na da bukatar sanin cewa bayanan kiran tarho da ke hannun kamfanin waya, wato lambobin da aka kira da lokaci da tsawon magana, suna iya zama shaida a shari'ar laifi. Masu gabatar da ƙara kan nemi irin waɗannan bayanai ta hanyar sammaci, kuma dokar ƙasar ta 1986 kan ajiyayyun bayanan sadarwa ba ta wajabta wa hukuma sanar da mai layin ba.

Tushen lamarin shi ne hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1979 a shari'ar Smith da Jihar Maryland, inda ta ce wanda ya buga lamba ya riga ya miƙa ta ga kamfanin waya da kansa, saboda haka ba sirri ba ce. Wannan ya sa galibi kamfanin da aka aika wa sammacin ne ke da ikon tsayawa gaban alƙali, ba mai layin ba.

Ƙa'ida ta 17 ta shari'ar laifuka a kotunan tarayya ta ba alƙali ikon soke sammaci ko rage abin da ya ƙunsa idan bin sa zai zama takura ko ya wuce hankali, muddin an shigar da ƙorafi cikin hanzari. A shari'ar Shugaba Nixon ta 1974, Kotun Ƙoli ta shimfiɗa sharuɗɗa uku ga mai neman takardu don zaman shari'a: su shafi ƙarar, su cancanci karɓa a matsayin shaida, kuma a fayyace su ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai al'amarin ya sauya a 2018 game da bayanan inda mutum yake. An tuhumi Timothy Carpenter da fashi a shagunan sayar da waya a jihohin Michigan da Ohio, kuma hukuma ta karɓi bayanan zirga-zirgar wayarsa na kwana 127 ba tare da waranti ba. Alƙalai biyar cikin tara suka yanke cewa irin wannan bibiya tana bukatar waranti mai ƙwaƙƙwaran dalili.

Duk da haka Carpenter bai kuɓuta ba, domin a 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncinsa bisa hujjar cewa jami'an sun bi dokar da ke aiki a lokacin. Don haka kamfanin da sammaci ya iske ya kamata ya miƙa shi ga lauya nan take, kafin ranar da aka ƙayyade, kuma ya guji goge ko sauya wani bayani, domin yin hakan laifi ne mai zaman kansa.