Shirin Musamman: Harshen da ke Yi wa Shayi Alƙalanci

Idan hunturu ya kankama, duk wanda ya bi ta gaban teburin mai shayi da sassafe ya san kakar mai shayin ce ta yanke saƙa. To, a watan Disamba, can a Turai da Amurka inda ake shirin Kirsimeti da hutun ƙarshen shekara, shayi na cin tasa kasuwar ta wata siga daban. Akwai wani kwali mai ƙananan ƙofofi 24 da ake ƙidaya kwanakin da suka rage kafin bikin da shi, al'ada ce da ta samo asali daga Jamus. A da, hoto ko alewa ake tararwa a bayan kowace ƙofa. Yanzu kamfanonin shayi sun shigo ciki: daga 1 ga Disamba zuwa 24 ga wata, kullum a buɗe ƙofa ɗaya, a ciro shayin da bai yi kama da na jiya ba. Iyali su taru a dafa, kowa ya kurɓa ya faɗi albarkacin bakinsa, wasu har maki suke bayarwa.

Abin da ya ja hankalina shi ne wannan ba da makin. Da me ake auna shayi? Kuma harshen ɗan Adam, abin dogaro ne?

A gurguje tukuna, mu fara da ganyen kansa. Baƙin shayi da kore duk ganyen bishiya ɗaya ne. Kore ana gasa shi ko a turara shi da wuri bayan an tsinko, baƙi kuwa ana murza shi a bar iska ta ratsa shi har ya rine. Sauran bambancin na ƙasa ne, da tudu, da lokacin tsinka. Na Assam a Indiya mai kauri ne, na Darjeeling a gindin duwatsun Himalaya sassauƙa ne mai ƙanshi, akwai kuma wani na lardin Fujian a ƙasar Sin da ake busarwa da hayaƙin itace.

Yanzu ga labarin da nake so ku ba ni aron kunnuwanku a kansa. A farkon shekarun 1920, a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke arewa da birnin Landan, ma'aikata sun zauna shan shayin la'asar. Cikinsu akwai wani masanin lissafi, Ronald Fisher, da wata masaniya mai nazarin gansakuka, Dakta Muriel Bristol. Fisher ya zuba shayi, ya ƙara madara, ya miƙa mata. Ta ce a'a, ita ta fi son a fara zuba madara a kofi kafin shayi ya biyo baya. Fisher ya ce ai duk ɗaya ne, ruwa ɗaya, madara ɗaya, kofi ɗaya. Ta ce ba ɗaya ba ne, harshenta yana rarrabewa. Sai wani abokin aikinsu, William Roach, wanda daga baya shi ya aure ta, ya ce to a gwada ta mana.

Ku dubi yadda aka tsara gwajin, don nan ne daɗin labarin. Kofi 8. Guda 4 madara aka fara zubawa, guda 4 shayi aka fara zubawa. Aka cakuɗa jerinsu yadda babu wata alama da za ta bi. Aka gaya mata cewa huɗu-huɗu ne, aikinta ta ware su. Me ya sa 8, ba 2 ba? Saboda da kofi 2, ko shaci-faɗi mutum yake yi, rabi da rabi ne ya dace. Amma hanyoyin zaɓen kofi 4 daga cikin 8 guda 70 ne, kuma ɗaya tak ce daidai. Sau 1 cikin 70, masu sauraro. Wanda ya ware su duka ba tare da kuskure ba, da wuya a ce sa'a ce kawai ta taimake shi. Labarin da aka riƙa bayarwa daga baya shi ne, baiwar Allah nan ta ware dukkan kofunan daidai.

Fisher ya sa wannan gwaji a littafinsa na 1935 kan yadda ake tsara gwaje-gwajen kimiyya, kuma har gobe ɗaliban ƙididdiga a jami'o'i suna karanta shi. Tsarin cakuɗa jeri don kada son rai ya shigo, wanda ake bi yau wajen gwada sabon magani ko sabon irin masara, wannan littafi na cikin tushensa. Ni abin da ya fi burge ni shi ne, an ɗauki maganar matar da muhimmanci. Ba a ce tsirfa ce ba, aka ce a auna. Kuma tana da hujja: idan aka tsiyaya madara mai sanyi cikin tafasasshen shayi, zafi kan buge ta farat ɗaya ya sauya mata ɗanɗano, alhali in shayin ne ya same ta a kofi, a hankali take ɗumama. Mai shayin unguwarku da ke fara haɗa madara da sukari a gindin kofi, ku tambaye shi dalilinsa.

To, waɗanda ɗanɗanar shayi ita ce sana'arsu fa? Su ba sa barin komai ga sa'a. Tun 1980 akwai ƙa'ida ta duniya da aka rubuta: giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na ruwa, ruwan da ya tafasa yanzu-yanzu, farin kofin tangaran mai murfi, minti 6 cif ga baƙin shayi. Wannan ba shayin jin daɗi ba ne, ya fi na gida ɗaci, kuma da gangan aka yi haka don duk wani aibu na ganyen ya fito fili. Ana jera kofunan a dogon tebur. Mai ɗanɗano ya duba busasshen ganye, ya shinshina jiƙaƙƙen da aka juye a kan murfi, ya kalli launin ruwan. Sannan ya ɗebo da cokali ya zuƙa da ƙarfi, da ƙara, irin zuƙar da in yaro ya yi a gaban baƙi sai an harare shi. Amfaninta shi ne ruwan ya watsu ko'ina a baki, ƙanshin ya hau hanci. Daga nan ya tofar a wani mazubi, ya matsa kofi na gaba. Ba ya haɗiyewa, domin a yini guda yana iya bin ɗaruruwan kofuna.

Kada ku ɗauka wasa ne. A Mombasa ta ƙasar Kenya, inda aka mayar da kasuwar gwanjon shayi daga Nairobi a 1969, ana sayar da ganyen Kenya da Yuganda da Ruwanda da Burundi da Tanzaniya. Kafin ranar gwanjo ana aika wa dillalai da masu saye samfuri, su ɗanɗana, su ƙiyasta farashi. Wato wannan zuƙa ta 'yan daƙiƙoƙi tana isa har aljihun matar da ta fita cikin raɓa a tsaunukan Kericho tana tsinko ganye biyu da toho ɗaya. In harshen ya yi adalci, guminta ya yi daraja. Gwamnatin Amurka ma ta taɓa riƙe hukumar ƙwararrun masu ɗanɗanar shayi, bisa wata doka ta 1897, don tare gurɓataccen ganye a bakin teku, sai a 1996 aka soke ta.

Mu koma kan shayin biki. Yawancin abin da ke cikin kwalin nan na Disamba an cika shi da kirfa da kanumfari da citta da ɓawon lemo. Yana da daɗi a sanyi, ban musa ba, mu ma nan ba baƙin kayan ƙanshi ba ne. Amma ina da ja a kan ba shi maki a matsayin shayi. Kanumfari kaɗan ya isa ya rufe asirin ganyen da ya kwana biyu a sito. Sau da yawa kayan yajin ake yaba wa, ganyen kuwa ba a ma ji shi ba.

Ina ganin lokaci na neman ƙwace mana, ga shi ban taɓo namu ba. Muna da ganyen da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba. Muna da koren shayin ƙasar Sin da ake dafawa kan gawayi a Agadas da Damagaram da Maraɗi, zagaye uku, inda 'yan fada, wato matasan da ke taruwa hira, ke duba kumfa kafin su kai baki. Su ma alƙalai ne, kuma ba su da sassauci.

In za ku gwada a gida, ku samo iri uku ko huɗu, kofuna iri ɗaya, ganye daidai wa daida, ruwa ɗaya, lokaci ɗaya. Kada a sa sukari ko madara a zagayen farko. Wani ya zuba a ɓoye don kada sunan kamfani ya yi muku zaɓi. Koren shayi kuwa, a bar ruwan ya ɗan huce kafin a zuba masa. Ku aiko mana da wanda ya yi nasara a gidanku, za mu karanta a shiri na gaba.