Raguwar Tsuntsaye a Karkarar Rijiyar Zaki: Sababi da Sakamako

A can arewacin Sikotlan akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Fair Isle, wanda duwatsun gaɓarsa suka miƙe tsaye bisa teku, kuma tun 1948 aka kafa masa gidan duban tsuntsaye, inda masu haƙuri ke ƙidaya masu ƙaura, suna sa musu zobe a ƙafa, suna rubutawa a littafi shekara bayan shekara. Mai karatu zai iya cewa wannan shagalin masu ƙoshi ne, alhali irin wannan lissafi ne ya nuna wa mutanen Birtaniya, a 1969, cewa kusan kashi uku cikin huɗu na wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro ba su komo daga Afirka ba. Da malamansu suka bi sawun al'amarin, sai suka tarar farin da ya fara kama ƙasashenmu ne ya halaka su, tun kafin yunwar 1973 ta bayyana ga kowa.

Mu kuwa da tsuntsayen ke sauka a gonakinmu, ilminmu game da su yana cikin ƙirjin dattawa kawai. Manomin Rijiyar Zaki bai taɓa buƙatar takardar hasashe ba muddin ya ga shamuwa ta sauka kan rimi tana jan kirare zuwa sheƙarta, domin ya san lokacin gyaran garma da fito da iri ya yi. Yau duk dattijon da ka tambaya zai shaida maka cewa shamuwa ta yi ƙaranci, gauraka ta zama labari, ungulu kuwa, wadda a da take cika mahauta har sai an kore ta da sanda, tun 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa.

Wasu suna ɗora laifin a kan yawan jama'a da yawan noma, amma ni ban ga hujjar ta tsaya ba, saboda binciken da wani masani mai suna Mortimore ya yi a karkarar Kano cikin shekarun 1960 ya tabbatar da cewa manomanmu, duk da cunkosonsu, sun kasance suna barin gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka a tsakiyar gona, kuma waɗannan itatuwa su ne gidajen tsuntsaye. Abin da ya sāke shi ne birni ya biyo hanyar Gwarzo yana cin gonaki, ana yanka su filoti-filoti, mai filoti kuwa bishiyar farko da ya tarar ita yake sarewa kafin a sauke bulo. Masu gawayi suka ƙarasa abin da ya rage, maganin feshi kuma ya kashe ƙwarin da tsuntsaye ke ci. Ita ungulu musibarta daban ce, kasuwar masu asiri ce ta cinye ta. Sa'an nan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, ko da yake sun kawo albarkar noman rani da ba mai musunta, sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, kacalla ta toshe magudanai, masaukin baƙin tsuntsayen da ya jawo Yarima Philip na Birtaniya zuwa Dagona a 1989 ya ƙuntata.

Sakamakon a bayyane yake ga mai lura: fārar da shamuwa ke ci ta koma wuyan manomi da kuɗin magani, mushen da ungulu ke sharewa cikin yini guda ya zama rabon karnuka da ƙudaje.

Tun 2015 aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya daga cibiyar Leventis da ke Jos, kuma samarin Arewa sun shiga da madubin hangen nesa a wuya. Ina roƙon malaman makarantunmu da masu unguwanni su haɗa waɗannan samari da dattawan gona tun suna raye, a rubuta ranar saukar shamuwa kowace damina, kuma duk wanda Allah ya ba filoti ya bar ko da gawo ɗaya a tsaye.